Katin inshorar lafiya na NHIA: inda yake ɗauke nauyi da inda yake barin mai shi da takardar magani a hannu

Duk mai riƙe da katin NHIA ya san wannan taga ta ɗakin magani. Likita ya rubuta magunguna huɗu, an miƙa takarda, mai bayar da magani ya duba shiryayye, ya sa alama a kan biyu, sauran biyun kuma ya rubuta O/S a gefensu da jan biro, wato babu su a ƙasa. Biyun da aka samu galibi su ne parasitamol da maganin ƙarin jini. Biyun da babu kuwa su ne waɗanda aka zo asibitin dominsu. Daga nan sai mutum ya tsallaka titi ya shiga kemis ya biya da kuɗinsa, yana tafe yana cewa wannan inshora yaudara ce.

Ba yaudara ba ce, kuma a ganinmu duk wanda yake da halin shiga ya shiga. Amma katin yana da rauni babba guda ɗaya, kuma wanda bai fahimci daga ina raunin ya fito ba zai yi ta faɗa da yarinyar da ke bayan taga, alhali ba ita ta kashe zomon ba, ko ratayar ma ba a ba ta ba. Raunin shi ne NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ita ce take yanka farashin da za a biya asibiti, ta rubuta shi a takarda ya zauna shekara da shekaru, ita kuwa kasuwar magani da dala take kwana da dala take tashi.

An kafa tsarin ne da dokar 1999 da sunan NHIS, amma bai fara aiki ba sai 2005, kuma da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta mayar da shi hukuma mai suna NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Wajabcin dai har yanzu a takarda ya fi ƙarfi, domin mafi yawan kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya, kusan kashi 70 cikin 100 ko sama da haka, daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fita kai tsaye. Ga ma'aikacin tarayya, lissafin da aka tsara shi ne kashi 5 cikin 100 na dunƙulallen albashi, gwamnati ta zuba 3.25, ma'aikaci ya zuba 1.75. Da wannan za a duba shi, da matarsa ɗaya, da 'ya'yansa na cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba.

Wannan iyaka ta mata ɗaya da 'ya'ya huɗu ita ce cikas na farko a gidajenmu. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga tsohuwa a ɗaki, ga ɗan ƙanensa da yake riƙo, mutum shida kawai katin ya sani a cikinsu. Akwai hanyar ƙara sauran a matsayin ƙarin iyali, ana biyan kuɗi daban a kan kowane kai duk shekara, amma mutane da yawa ba su san da ita ba, wasu kuma sun sani suna ganin tsada. Abin da ya fi yawa shi ne a ɗauki katin Aisha a kai Maryam asibiti da shi. Wannan dabara tana da haɗarin da ya wuce na kamu. Fayil ɗin yaro yana ɗauke da nauyinsa, da rukunin jininsa, da ko sikila ne, da maganin da jikinsa ba ya karɓa. Idan yara biyu suka haɗa fayil ɗaya, ranar da aka kawo ɗaya cikin gaggawa likita zai yi aiki da bayanan ɗayan. Wanda zai zaɓi huɗun da za a saka, ya fara da ƙanana da masu ciwon da ke dawowa, kamar sikila da asma, kuma ya tuna yaro yana cika 18 sunansa yake fita, sai a je ofis a maye gurbin da ƙaninsa. Ba ya maye kansa.

Yanzu ga yadda kuɗin ke tafiya, domin a nan komai yake. Hukuma ba ta biyan asibiti hannu da hannu a wannan tsari, kamfanonin HMO, wato masu gudanar da inshorar a madadin hukuma, su ne a tsakiya kamar dillalai. Biyan kuma kashi biyu ne. Na farko shi ne kuɗin kai: asibitin da ka zaɓa a matsayin asibitinka na farko ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi a kan sunanka duk wata, ko ka je ko ba ka je ba. Daga cikinsa zai ga likita ya duba ka, ya yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, na fitsari, na suga, na yawan jini, ya yi awon ciki da karɓar haihuwar da ta zo lafiya, ya kuma ba da magani. Na biyu shi ne biyan aiki-aiki, na abin da ya fi ƙarfin matakin farko, kamar tiyata, ganin ƙwararren likita, hoto, gashin ƙashi, aikin ido da haƙori. Wannan sai an yi aikin asibiti ya tura takardar neman biya.

Kuɗin kai ya tashi daga naira 550 zuwa 750 a 2012, daga nan ya yi zamansa sama da shekara goma. A 2012 dala tana wajen naira 160, wato naira 750 ta kusa dala 5. Bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, dalar da hukuma ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Naira 750 ɗin nan ta koma rabin dala. Kuma magani a ƙasar nan ɗan dala ne ko da an rubuta an yi shi a Legas ko a Ota, saboda kusan kashi 70 cikin 100 na magunguna shigo da su ake yi, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadarinsu daga Indiya da Sin yake zuwa. A watan Agusta na 2023 kamfanin GSK, mai maganin ƙwayoyin cuta na Augmentin da abin shaƙar asma na Ventolin, ya sanar zai daina harka da kansa a Najeriya ya bar wa dillalai, Sanofi ma ya bi sahu kafin shekarar ta ƙare. Masu asma ba za su manta da wannan lokaci ba, abin shaƙar da ake saye ba tare da tunani ba ya ninka ya sake ninkawa, wani lokaci ma a zaga gari ba a samu ba. Ga janye tallafin man fetur a Mayun 2023, ga kuɗin wutar rukunin A da ya tashi daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, alhali asibiti ba ya iya kashe firjin allurai ko fitilar ɗakin tiyata don ya rage kashe kuɗi. Duk wannan ya faɗo kan asibitin da ake ba naira 750 a kan kowane mutum.

Hukuma ta motsa, amma a makare. An yi ƙari a 2024, sannan aka yi babban gyara da ya fara aiki a Afrilun 2025, inda kuɗin kai ya ƙaru da kashi 93 cikin 100 a kan tsohon farashi, na aiki-aiki kuma da kashi 378. Ƙarin na aiki-aiki yana da tsoka. Na kai kuwa, ko da ya kusa ninkawa, bai kai dala ɗaya ba a canjin lokacin. Wanda yake samun kusan dala 5 a 2012 a 2025 ƙasa da ɗaya yake samu, ana kuma so ya yi aiki iri ɗaya.

Daga wannan lissafi ake gane abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, cewa yawan masu rajista a asibiti shi ne ƙarfinsa. A ɗauki asibiti mai mutum 300 a tsohon farashi, naira 225,000 ke shigo masa a wata. Idan 30 daga cikinsu masu hawan jini ne ko ciwon suga da ke karɓar magani duk wata, su kaɗai sun cinye kuɗin kafin a zo kan zazzaɓin yara. Asibiti mai mutum 6,000 kuwa yana karɓar naira miliyan 4.5, masu lafiyar da ba sa zuwa suna ɗauke nauyin masu zuwa, kuma yana iya sayen magani katon-katon a farashin sari. Shi ya sa ƙaramin asibitin unguwa mai tsabta da fara'a, wanda ba ka bin layi, sau da yawa shi ne wanda O/S ta fi yawa a takardunsa. Ba mugunta ba ce, tukunyar ce ƙarama.

Kan magani, ƙa'ida ita ce mai kati ya biya kashi 10 cikin 100 na farashin da ke cikin jerin hukuma. Idan jimillar maganin a jerin naira 6,000 ce, naira 600 za ka bayar. A nan katin yana da daɗi ƙwarai, musamman ga mai shan maganin hawan jini irin amlodipine ko lisinopril, ko na suga irin metformin, kullum har ƙarshen rayuwa. Matsalar tana tasowa ne idan jerin ya ce kwalin magani naira 2,000 ne, shi kuwa asibiti a 3,500 ya saro shi. Kowane kwali ya bayar ya yi asara. Abin da ke biyo baya iri uku ne, kuma duk mai kati ya taɓa cin karo da ɗayansu. Ko a ce babu, alhali akwai shi a ɗaya tagar ta masu biyan kuɗi hannu. Ko a ba da na kwana 14 maimakon na wata, a ce ka dawo. Ko a ce ka cika ratar da ke tsakanin farashin biyu. Na biyun shi ne ya fi ɓarna a ɓoye, domin mai hawan jini da zai sake biyan kuɗin mota ya sake bin layi bayan mako biyu, sau da yawa ba ya dawowa sai kansa ya fara sarawa, kuma maganin hawan jini ba a shan sa da hutu. Ƙa'idar hukuma ba ta yarda a tura mai kati ya sayi maganin da ke cikin jerin da kuɗinsa ba, asibiti ne ya kamata ya nemo. Wanda aka tura ya saya a waje ya karɓi rasit mai hatimi da kwanan wata, ya ɗauki hoton takardar da aka rubuta O/S a kanta kafin ya miƙa ta, da su ne zai nemi a mayar masa da kuɗinsa. Ba tare da su ba magana ce kawai.

Akwai wani ƙorafi da muke ganin ba a yi wa tsarin adalci a kansa ba, wato cewa maganin inshora ƙaramin magani ne. Jerin hukuma da sunan sinadari yake aiki, ba da sunan kamfani ba. Augmentin suna ne na kamfani, abin da ke ciki amoxicillin ne da clavulanic acid. Coartem artemether ne da lumefantrine, Glucophage metformin ne, Norvasc amlodipine ne, Ventolin kuma salbutamol. Idan wani kamfani ya yi irin wannan sinadari da ƙarfi iri ɗaya, NAFDAC ta yi masa rajista, aiki ɗaya za su yi, bambancin farashin kuwa yakan kai ninki uku ko fiye. Nan ne gasar kasuwa take yi wa talaka aiki, kuma daidai ne hukuma ta ƙi biyan kuɗin suna. Abin da ya kamata a duba a jikin kwali shi ne sunan sinadarin, ƙarfinsa, misali 625 ko 80/480 ko 500, lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Sau da yawa maganin zazzaɓin da aka ce bai yi aiki ba, ba a sha shi daidai ba ne. Artemether da lumefantrine mai ƙarfin 80/480 ƙwaya shida ne na kwana uku, ta biyu bayan awa 8 da ta farko, sauran safe da dare, kuma yana son a ci abu mai maiƙo ko a sha madara kafin jiki ya ɗauke shi sosai. Wanda ya sha shi da ruwa a kan yunwa ya tsaya a ƙwaya ta huɗu don ya ji sauƙi, zazzaɓin zai dawo ko na wane kamfani ne. Inda muke ba da shawarar a yi taka-tsantsan shi ne magungunan farfaɗiya da insulin, waɗannan kada a riƙa sauya su daga kamfani zuwa kamfani ba da sanin likita ba.

Sai maganar kod, wato lambar izinin da HMO ke bayarwa kafin a yi maka aikin mataki na biyu. Tsarin shi ne likitan asibitinka na farko ya rubuta takardar turawa, teburin NHIA na asibitin ya aika wa HMO da bayanin ciwo da abin da ake son yi, HMO ta dawo da lamba, sannan a yi aikin. An sa wannan shinge ne don kada asibiti ya riƙa yin hoto da tiyatar da ba a buƙata saboda aiki-aiki ake biya. Hujjar tana da kyau. Amma shi ma dillalin yana da nasa lissafin, duk aikin da bai ba da izini ba kuɗi ne da bai fita ba, don haka jinkiri ba ya cutar da shi. Mutane sun sha wuni a kan benci suna jiran lamba, musamman ranar Juma'a da yamma da ranakun hutu. A 2025 hukuma ta ba da umarnin a fitar da lamba cikin awa ɗaya, kuma wannan makami ne a hannun mai kati idan ya san da shi. A tambayi ma'aikacin tebur ƙarfe nawa ya tura buƙatar, a rubuta, a kira layin HMO da kai, lambar wayarsu tana jikin kati ko a teburin. Sau da yawa za a tarar ba HMO ce ta riƙe ba, buƙatar ce ba a tura ba, ko an tura babu cikakken bayanin ciwo aka dawo da ita. Kuma kowace lamba ta aiki ɗaya ce. Wadda aka bayar don ganin likitan ƙashi ba ta haɗa da hoton da zai rubuta ba, sai an nemi wata. Wanda ya san haka zai roƙi likita ya haɗa duk abin da yake hasashen za a buƙata a takarda ɗaya. A halin gaggawa kuwa, haɗarin mota ko zubar jini ko jijjigar mai ciki, ba a jiran lamba, a fara ceton rai a kowane asibiti mai rajista da hukuma, a nemi lambar daga baya.

Inda katin yake nuna amfaninsa a fili shi ne haihuwa da tiyata. Awon ciki, haihuwa, tiyatar fitar da jariri idan ta kama, har haihuwa huɗu, ga jaririn yana ƙarƙashin katin uwarsa na makonni 12 na farko kafin a yi masa tasa rajistar. Tiyatar ƙaba, ta afendis, ɗaurin karaya, kwanciya a babban ɗaki na gama-gari, duk suna ciki. Magidancin da aka taɓa cewa ya ajiye dubu ɗari-ɗari kafin a shiga da matarsa ɗakin tiyata da tsakar dare ya san darajar takardar da ke cewa a shiga kawai. Tiyata ɗaya irin wannan ta biya kuɗin shekaru. A lura da makonni 12 ɗin nan, suna wucewa kamar ƙiftawar ido a cikin hidimar suna da wankan jego, sai ranar da jariri ya yi zazzaɓi a wata na huɗu a ce ba ya cikin lissafi.

Iyakokinsa kuma a san su tun kafin rana ta ɓaci. Kwanciya tana da adadin kwanaki a shekara, 21 ne a ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita, kuma ɗaki na musamman da kuɗinka ne. Manyan hotuna irin CT da MRI rabi ake biya maka. Wankin ƙoda zama shida ne, na ƙodar da ta tsaya farat ɗaya ake kuma sa ran za ta farfaɗo, alhali mai ciwon ƙoda na dindindin yana buƙatar wanki biyu zuwa uku duk mako. Dashen ciki na kwalba da tiyatar kwalliya ba sa ciki sam. Ciwon daji akwai ɗan tallafi a wasu magunguna da wasu cibiyoyi, amma babban nauyin yana kan iyali. Wato cututtukan da ke sa a sayar da gona da gida su ne katin ya fi rauni a kansu, kuma wannan shi ne babban abin da muke zarginsa da shi bayan maganar O/S. Kuɗin da ake tarawa bai kai ya ɗauke su ba, saboda masu zubawa kaɗan ne.

Tunda dole wani maganin a waje za a saye shi, ya kamata a san abin da doka ke yi a can ma. A Kano, shekara da shekaru kasuwar Sabon Gari ce cibiyar sarin magani ta Arewa har da maƙwabtan ƙasashe, magani jibge a shaguna masu zafi kamar tanda. A Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta PCN suka rufe shaguna sama da 1,000 suka tilasta wa 'yan sari komawa cibiyar Kanawa da ke Dangwauro a kan hanyar Zariya. 'Yan kasuwa sun koka da kuɗin shago da nisa, kuma babu shakka irin wannan kuɗi a kan mai saye yake ƙarewa. Duk da haka muna ganin matakin daidai ne. Insulin da allurar oxytocin ta tsayar da jinin haihuwa suna son sanyin digiri 2 zuwa 8, idan suka kwana a zafin watan Afrilu na Kano kwalbar tana nan yadda take amma ƙarfin ya tafi. Arhar da ta sa aka yi wa mai jego allurar da ba ta aiki ba arha ba ce. Ta ɓangaren sauƙaƙawa kuma, a Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umarnin cire harajin kwastam da na VAT daga sinadarai da injinan haɗa magani na tsawon shekara biyu. Irin wannan sassauci ba ya isa kan kanta da wuri, sai tsohon kayan da aka shigo da shi da tsada ya ƙare, kuma ba ya taɓa kuɗin dizal da ruwan bashin banki da masana'anta ke biya. Mai saye dai ya nemi kantin da ke da lasisi da ƙwararren mai harhaɗa magani idan abin ya shafi allura, insulin ko maganin ƙwayoyin cuta, ya kankare wurin da aka rufe a jikin kwalin maganin zazzaɓi ya tura lambar ta saƙon waya don tabbatar da sahihancinsa.

Wanda ba ma'aikacin tarayya ba fa? Ɗan kasuwa, tela, direba, mai ritaya, hanyarsu ita ce GIFSHIP, tsarin hukumar na masu biya wa kansu, wanda aka ƙaddamar a 2020 a kan naira 15,000 kowane mutum a shekara. An ƙara kuɗin tun daga lokacin, don haka a tambayi farashin yau a ofishin NHIA na jiha, a tafi da lambar NIN da hoto. Ana shiga a ɗaiɗaiku, ko iyali, ko ƙungiya, kuma ƙungiyoyin kasuwa da na masu sana'a su ne suka fi dacewa da shi. Akwai lokacin jira tsakanin biya da fara amfani, kuma mutane suna jin haushinsa, amma dole ne. Idan babu shi kowa zai jira sai an sa ranar tiyata sannan ya yi rajista, asusun da marasa lafiya kaɗai ke zuba wa kuɗi kuwa ba ya shekara. Mace mai shirin haihuwa ta yi rajista tun cikin yana ƙarami ko kafin ya samu, kada ta bari sai wata na takwas. A kuma sabunta kafin wa'adi ya cika, don idan ya yanke ana iya komawa layin jira.

Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi ba sa ƙarƙashin wannan kati, suna ƙarƙashin hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinsu, irin KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa da GoHealth a Gombe. Kalmar taimakekeniya da aka zaɓa ta taimaka wajen kwantar da hankalin masu shakkar inshora ta fuskar addini, kuma ita ce ainihin siffar abin, kowa ya zuba, wanda ciwo ya kama a yi masa magani. Jerin ayyukansu da farashinsu ya bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ciwon iri ɗaya ne, kuɗin kai tsayayye da kasuwa mai gudu. Ta hannunsu ne kuma ake rajistar marasa galihu kyauta da kuɗin BHCPF, asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Gurabensa kaɗan ne, ana cike su ta asibitin matakin farko na mazaɓa.

Zaɓen asibiti shi ne shawara mafi nauyi da mai kati zai yanke, kuma yawanci a tsaye ake yanke ta wajen cike fom. Kafin a rubuta suna a je asibitin da safe a ranar aiki. A duba ko akwai tebur na NHIA da mutum zaune a kansa, a tambaya ko yana aiki da dare da ƙarshen mako. A tsaya kusa da tagar magani a tambayi mutum biyu ko uku masu kati ko sun samu maganinsu duka. A tambaya ko asibitin yana da rajistar mataki na biyu a ɓangaren haihuwa, tiyata, gwaje-gwaje da hoto, domin idan yana da ita za a yi komai a gida ɗaya, idan babu kuwa kowace lamba tafiya ce zuwa wani wuri. Babban asibitin gwamnati yana da ƙwararru da yawan masu rajista, amma akwai layi, akwai kuma yajin aiki. Asibitin kuɗi matsakaici mai masu rajista da yawa ya fi dacewa da mai yara ƙanana da ke son a gan shi da wuri. Mai ciwon suga, ƙoda ko zuciya ya jure layin ya zauna inda ƙwararrun suke. Wanda ya zaɓa bai ji daɗi ba yana da damar sauyawa bayan wata shida, ta hanyar cike fom a ofishin hukuma, sai dai sunan ba ya komawa sabon wuri nan take, a ci gaba da zuwa tsohon har sai ya fito a jerin sabon.

Idan an karɓi kuɗi a kan abin da ke cikin tsari, ko an hana magani, ko lamba ta wuce awa ɗaya, matakin farko shi ne teburin asibitin, na biyu HMO, na uku ofishin NHIA na jiha, kuma a rubuce. Takardar ta ƙunshi lambar kati, sunan asibiti, rana da lokaci, abin da likita ya rubuta, abin da aka biya, da kwafin rasit. A riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa. Hukuma tana da ikon sa a mayar da kuɗi, ta ja kunne, ta dakatar da asibiti ko HMO, kuma ta sha yin hakan, amma a kan ƙorafin da ya iso gabanta da hujja take yi.